Saƙon da Na Kai wa Larai a Djougou

Tun da na dawo daga Jamhuriyar Benin ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai na makarantarmu ana yi, a gidan suna ana yi, har mai sayar mini da kayan miya sai da ya rage murya ya ce, "Malama Dije, wai da gaske ne ƙanwarki ta zama kaboyi?" Kowa ya ɗaura fuskar tausayi, kunnuwa kuwa a miƙe. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in sha ruwa.

Ga waɗanda ba su sani ba, ko suke nuna ba su sani ba, Larai ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Aure ya kai ta Parakou gidan wani direban babbar mota. Auren ya mutu, ta ƙi dawowa Kwantagora, ta kafa teburin abinci a tasha. Dakan sakwara tun asuba har yamma ya kama mata baya, sai wata mai son ta da alheri ta ba ta ƙwayar tiramol guda ɗaya. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama kati, har tebur ya tafi, tukwane suka bi shi. Shekara huɗu tana cikin wannan hali, kuma mu a gida mun sani sarai. In an tambaye mu sai mu ce iska ce ke damunta, muna ta addu'a. Ba wanda ya taɓa shiga mota ya je ya duba ta, har da ni.

Sai ga bidiyo na minti ɗaya ya shigo wayar Yaya Sani, babban wanmu. Larai ce zaune a wani gidan giya a Djougou, malfa a kan ɗankwali, jita a cinya, tana waƙa. A ranar aka kira taron dangi. Mutanen da suka shekara huɗu ba su sami sarari ba, kafin magariba sun gama shirya tafiya. Yaya Sani ya ce in je in taho da ita ko tana so ko ba ta so. Inna ta juya fuska bango. Ni kuwa abin da na gani a bidiyon daban ne: wuyanta ya ciko, idonta ya washe. Wanda ya turo shi ya ce ta fi shekara ba ta sha ƙwaya ba. Tsorona ɗaya ne tun daga ranar, kada ta koma.

Laifin jitar na Baba ne, Allah ya jiƙansa. Shi ma direba ne, kuma yana da kaset na waƙoƙin turawan Amurka da ake kira kantiri, irin waɗanda ake yi a mashayar direbobi da makiyayansu da ake kira kaboyi. Ya fi son na mata. Muryarsu kamar mura ta toshe musu hanci, kuma duk wadda ka tambaye shi me take cewa, amsar ɗaya ce: mijinta ya gudu, ta sha giya ta gaji, yanzu ta daina, ta sayi motarta. Ni na ɗauki boko, Larai ta ɗauki kaset ɗin nan ta haddace ba tare da ta san kalma ɗaya ba.

Na tashi ranar Juma'a da safe da buhun tsaraba: daddawa, kuka, yaji, ƙuli-ƙuli, da wani ƙullin garin kunu da na tarar a ciki wanda ba ni na sa ba. Ɗaurin Inna ne, na san shi, amma ban tambaye ta ba.

Daga Kainji zuwa Kaiama, wanda ya fara kiran wannan abu hanya Allah ya yafe masa. Kusa da ni wani dillalin shanu ne da ya taɓa zuwa Benin sau biyu, saboda haka ya zama jakada. Ya gargaɗe ni kada in ci nama, kada in sha ruwa, kada in gaisa da kowa, kada in yi barci. Na tambaye shi to me ake zuwa yi ƙasar, ya ce ciniki. Muka kwana a hanya a gidan wata mai tuwo, ni da wasu mata uku da kajin ɗaya daga cikinsu.

A boda na fito da takarduna cif, har da katin allura, ina jiran a yaba. Jami'in can ɓangaren ya yi mini magana da Faransanci. Na amsa da turancin da nake koya wa 'ya'yan mutane shekara goma sha tara. Ya dube ni, na dube shi. Wata tsohuwa mai goro, wadda ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba, ita ta ajiye farantinta ta yi mana tafinta. Ta ce cewa ya yi in buɗe buhu. Na buɗe, ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, ya ɗaure shi da sauri ya buga mini hatimi. Tsohuwar ta ce in na dawo in koyi ko da "bonjur" ne, girma ya kama ni.

Tasin da ya ɗauke mu ta Nikki zuwa Parakou ya girme ni. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, sannan wani ya raba kujera da direba, ƙafarsa ɗaya tana tsakanin birki da totur. Ba wanda ya ga abin magana a ciki. A but ɗin motar kuma jarkokin fetur ne, aka ɗora su a kan buhuna. Na ce a sauya, direba ya ce, "Sa ba, Aja," wato ba komai, Hajiya, "ba ya zuba." Da muka isa Parakou na ɗaga buhun sai ga shi jagab. Daddawa, kuka, yaji, garin kunun Inna, duk wanda ka ƙyasta wa ashana zai kai ka Kwatano.

Na sauka a unguwar Titirou gidan Hajiya Mero, matar maigidan Baba na dā, wanda shi ma ya rasu. Kakanninta Hausawa ne, amma ita a nan aka haife ta, Hausarta rabi da rabi ce da Faransanci. "Wala, Dije, kin girma! Bon, zauna, zauna." Ta kawo mini sakwara da miyar gyaɗa, a ciki da wani abu ja a waje fari a ciki da suke kira wagashi, cukwin nonon shanu ne ake soyawa. Na tuna gargaɗin dillali, na yi niyyar taɓa kaɗan don kunya. Sau biyu aka ƙara mini.

Abubuwan garin nan sai a hankali. Mata ke tuƙa babur da kansu, goyo a baya, kwando a gaba, ba mai ko juyowa ya kalle su. A garinmu da an yi taron dangi. Gaisuwa kuma in an durƙusa ba a tashi da wuri, sai a yi ta "mm, oo, mm" har ka manta wa ya fara. Da safe aka ba ni burodi dogo kamar taɓarya, mai yanka dasashi, da kofi a cikin kwano, wai in tsoma.

Na faɗa wa Hajiya Mero abin da ya kawo ni. Ta ce, "Larai ai ta tashi, 'yata. Ni na ga lokacin da take kwance bayan gareji, ƙuda na bin bakinta. A lokacin ban ga kowa daga Najeriya ba." Na yi mata bayanin mutuncin gida da sunan Baba, tsawon kusan rabin awa, irin bayanin da nake yi wa iyayen yara. Ta saurara har na gama, ta ce in ƙara suga.

Ranar Lahadi da hantsi na je tashar motocin Djougou. Ina tsaye ina raba ido sai wani mutum ya yi mini sallama. Farar shadda, carbi a hannu, goshi da tabon sallah. Ya ce sunansa Illiyasu, ya ji labarin 'yar marigayi ta zo gari. Ya kira sunan Baba, ya kira lambar motarsa, ya yi masa addu'ar da ta fi tawa tsawo har na ji ƙwalla. Ya sama mini kujerar gaba. Da mota ta kusa tashi sai ya zaro wani ƙunshi daga aljihu, baƙar leda an naɗe ta da jan salatif, girmanta bai wuce sabulun wanki biyu ba.

"Ɗan saƙo ne na Larai," in ji shi. "Don Allah hannu da hannu."

Kun san yadda muke. Saƙo amana ne. Ba a tambayar me ke ciki, ba a buɗewa, ba a ko latsa shi. A haka aka raine mu, kuma ni a danginmu an san ni da wannan, kowa ni yake ba saƙo. Na karɓa da hannu biyu, na sa a jakar hannu kusa da carbina. Direban ya ga lokacin da na karɓa. Ya ɗaure fuska ya faɗi wata magana da Dandanci, yaren garin, matan baya suka zubo mini ido. Na ɗauka kujerar gaba suke yi mini baƙin ciki.

Sau biyu jandarmomi, jami'an tsaron can, suka tsayar da mu. Suka sauke kowa, suka zazzage jakunkuna har da ƙullin wata tsohuwa. Da aka zo kaina, jami'in ya dubi hijabina da tabarau, ya ce in wuce. Na koma mota ina jin kaina, ina cewa a zuci mutunci ko a ƙasar wasu ba ya ɓuya. A Partago kasuwa ke ci, aka ƙara mana doya da fasinja biyu, na ƙarasa tafiyar da doya uku a cinya.

Gidan giyar da ya hana danginmu barci rumfar kwano ce a gefen garejin manyan motoci, kujerun roba da firji ɗaya. Buvet suke ce masa. Mai wurin wata Kirista ce, ƙatuwa, ana kiranta Maman Rozin. Ita ta ɗauko Larai daga Parakou a motar kaya, ta ajiye ta a ɗakin baya, ta zauna da ita kwanakin da jiki ke rawa da amai da zufa. Yanzu Larai ke dafa shinkafar wurin. Ran Lahadi kuma daga la'asar zuwa magariba Maman Rozin takan sa wa firjin giya kwaɗo, a sayar da zoɓo kawai, mata su taru Larai ta yi musu waƙa. Masu dako ne, da masu fasa ƙwallon kashu, da masu daka, yawancinsu sun sha abin da ta sha don su iya aiki.

Larai ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta tsaya, ta ce "Yaya," ta rungume ni. Na ji nama a bayanta inda na zaci ƙashi. Na yi niyyar fara wa'azin da na shirya tun daga Kainji, amma ta riga ta buɗe buhu. Warin fetur ya bugi rumfar. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sai da ta ga ɗaurin Inna dariyar ta tsaya. Ta riƙe ƙullin a ƙirji da fetur ɗin da komai.

Don in wanke kaina sai na ce, "Amma ga wanda ya iso lafiya." Na zaro saƙon na miƙa mata hannu da hannu, yadda aka ce.

Ba ta buɗe ba. Jan salatif ɗin kawai ta gani, fuskarta ta sauya. Ta ɗan girgiza shi, ya yi ƙaras-ƙaras.

"Wa ya ba ki?"

"Wani bawan Allah, Illiyasu. Ya san Baba."

Maman Rozin ta dafa kai da hannu biyu. Ta ce da irin Hausarta ta kasuwa, "Aja, kin kashe mu. Shi ne mai ƙwaya. Larai ke sayar masa ga mata dā. Tun da ta fara waƙa mata sun rage saye. Sau nawa yana aiko wannan, duk direban layin nan ya ƙi ɗauka. Ko yaron mota ba ya taɓa saƙon Illiyasu. Sai da ya jira baƙuwa."

Wato duk faɗin tashar Parakou, mutum ɗaya aka samu mai isasshiyar tarbiyya da zai kawo wa Larai guba har gida, ya ratsa da ita shingen jandarma biyu yana alfahari. Ni ce, wadda aka aiko ceto.

Na kai hannu zan fizge. Na ce a ba ni in jefa a masai yanzu-yanzu. Larai ta janye.

"A'a, Yaya. In ke kika jefar yau, jibi da kin tafi wa zai jefar mini?"

Ta shiga ɗakinta da shi ta sa sakata.

Na taɓa zaman jiran haihuwa, na taɓa zaman jiran gawa, ban taɓa zama irin wannan ba. Na buga ƙofa, shiru. Na ce Maman Rozin ta sa a ɓalle, ta ce ba a yi, in an ɓalle yau to kullum sai an ɓalle. Ta zauna a kan akwatin kwalabe tana jan nata carbin mai gicciye, ni ina jan nawa. Ta cikin ƙofar na ji an yage salatif. Can na ji wani ɗan ƙas, irin ƙarar da kati ke yi in an ɓallo ƙwaya. Wallahi na ji tsoro, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba a rayuwata. Shekara guda da wata biyu ta yi tana hawa, ni na zo da rana tsaka na tura ta. Na yi sallar azahar a bakin ƙofar, ban san raka'a nawa na yi ba.

Aka kira la'asar. Mata suka fara zuwa, wasu da tire a kai, wasu da goyo. Ba wadda ta tambayi me ya faru, sun ga fuskar Maman Rozin sun ga ƙofa a rufe. Suka zauna. Wata ta fara tafi a hankali, sauran suka kama.

Sakata ta motsa. Larai ta fito da malfar nan a kai, jita a rataye, ƙunshin a buɗe a hannun dama. Ta ajiye shi a kan tebur a gaban kowa. Ni idonta nake kallo, ban iya gane komai ba, ya yi ja amma na kuka ne ko na wani abu ban sani ba. Na dubi katin sama, gurbi ɗaya babu komai. Hannunta na hagu kuwa a dunƙule yake gam.

Ta zauna ta gyara jitar a cinya. Ta kaɗa tsirkiya da dama, sauti ya fito banza, don ba a kama wuyan jita da dunƙulallen hannu. Ta sake kaɗawa. Matan suna ta tafi. Ta daɗe tana kallon hannun nan. Sannan ta buɗe shi. Ƙwayar na manne a tafin, zufa ta jiƙa ta ta fara narkewa. Ta goge a gefen tebur, ta kama jita.

Muryar dai irin ta kaset ɗin nan ce, ta hanci, amma da Hausa. Ta yi waƙar matar da ta daka sakwarar gari duka ba ta ci loma ba, ta yi ta wadda ta sayar da tukunyarta ta sake sayen wata. Matan suna amshi, wata na kuka tana rawa. Can sai ta dube ni ta ƙasan malfa ta ƙaro baitin da ba ya cikin waƙar:

Yayata ta taso daga nesa,
ta zo ta cece ni.
Daddawa ta sha fetur,
ƙwaya ta iso lafiya.

Rumfar ta kece da dariya, har direbobin da ke leƙe daga gareji. Aka fassara wa waɗanda ba su jin Hausa, suka yi tasu daga baya. Ni ma na yi, hawaye na zuba a tabarau. Ban taɓa cin zagin da na cancanta kamar wannan ba. Kafin magariba ita da kanta ta ɓalle ƙwayoyin cikin bokitin ruwan wanke-wanke, ta kai masai ta juye.

Kwana biyu na ƙara. Wa'azina yana nan ban taɓa shi ba, mai bukata ya zo ya karɓa. Ranar da zan taho ta raka ni tasha, ta gargaɗi direba kada ya bari kowa ya ba ni ko da goro ne in kai wa wani. Na ce mata zan faɗa wa su Inna ta warke, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Ta riƙe ƙofar motar. "Kar ki ce na warke, Yaya. Sau biyu na kai ta baki a ɗakin nan. Ki ce musu dai yau ban sha ba."

Yaya Sani ya tare ni tun a zaure, yana leƙa bayana. Na ce ban taho da ita ba, kuma duk mai son ɗauko ta ga hanyar Kaiama nan a buɗe. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a taƙaice. Inna kuwa ta bari sai da kowa ya watse ta tambaye ni yaya take. Na faɗa mata yadda aka ce in faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Inna ba ta yafe jitar ba, kuma ba ta karɓar waya. Amma kullum bayan ta idar da sallar asuba takan turo a kira ni, ta sa in buga wa Larai, ta zauna a gefen gado tana kallon bango. Tambaya ɗaya take sa ni in yi. Yau da safe ma na yi, Larai ta ce ba ta sha ba. Inna ta ce to, in ɗora mata ruwan kunu.